Mas'alar Ladan Maƙerin Bindiga a Kan Sa Gammon Roba

Bismillahir Rahmanir Rahimi. Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya hori bayinSa da adalci cikin awo da ciniki. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Amma bayan haka, akwai wata gardama da ba ta ƙarewa tsakanin maharba da maƙeran bindiga a ƙasashen Ingila da Amurka, inda farautar tsuntsaye da gasar harbi suka yawaita. Gardamar kuwa a kan ɗan ƙaramin abu take, watau wani matashi na roba da ake ɗaura wa gindin bindigar harbin tsuntsaye domin ya sauƙaƙa wa kafaɗa. Mutum ya sayi robar da kuɗi kaɗan, ya kai wa maƙeri ya sa masa, sai maƙeri ya faɗi ladan da ya kai kuɗin robar, wani lokaci har ya ninka shi. Mai bindiga ya ce an cuce shi, maƙeri ya ce an raina sana'arsa. Ko da yake abin yana faruwa nesa, mas'alar ta kowace kasuwa ce, domin ita ce ke tashi tsakanin mai riga da tela, da tsakanin mai sirdi da baduku. Saboda haka ya kamata malamai da 'yan kasuwa su dube ta da idon basira.

Da farko a san abin da ake magana a kansa. Duk sa'ad da aka harba bindiga, albarushi yana tura tsabar darma gaba, kuma da wannan ƙarfin ne yake tura bindigar baya ta bugi kafaɗar maharbi. Wannan shi ne shurin bindiga. Masanin nan na Ingila, Niyuton, ya bayyana ƙa'idarsa a shekarar 1687, cewa duk abin da aka tura shi ma yana tura mai tura shi daidai gwargwado. Wani shahararren maƙerin bindiga na birnin Birmingam, W. W. Greener, ya bar wa masu sana'ar lissafin cewa nauyin bindiga ya kamata ya ninka nauyin darmar da take jefawa sau 96. Watau in harsashi yana ɗauke da oza 1 ta darma, bindigar ta kai laba 6. In ta gaza haka, shurinta ya yi zafi. Mai gasar harbi kuwa yakan yi harbi 100 a yini ɗaya, kafaɗa ta kumbura, har ya koyi runtse ido da zabura tun bai ja kunama ba. Daga nan sai kuskure, ko kuma ya raunata tsuntsu ya bar shi ya tafi ya mutu cikin wahala.

Robar nan ba ta hana bindiga komawa baya. Aikinta irin na gammo ne: kaya yana nan da nauyinsa, amma gammo ya shimfiɗa shi a kai, ya tausasa zamansa. Haka ita ma take jinkirta bugun, ta shanye wani abu daga zafinsa, ta raba sauran a faɗin kafaɗa. Don haka sunan gammo ya dace da ita. Kamfanin S. W. Silver na Landan ya yi suna da irin wannan gammo tun cikin ƙarni na 19, daga baya kamfanin Pachmayr na Amurka ya shahara da nasa.

To, tushen gardamar shi ne mutane suna kiran ayyuka daban-daban da suna ɗaya. Akwai gammon da ake zura wa gindin bindiga kamar kube, wannan ba ya bukatar maƙeri ko kaɗan. Akwai wanda masana'anta ta riga ta yanka daidai da wani samfurin bindiga, sukuru biyu kawai ake ɗaurewa, aikin 'yan mintoci. Akwai kuma wanda ake sayarwa da girma fiye da kima, sai an gurza shi an sassaƙe shi ya bi siffar ƙotar wannan bindigar ita kaɗai. Sa'an nan akwai na ƙarshe, wanda bayan an gurza ake lulluɓe shi da fata mai laushi, yadda maƙeran Landan ke yi wa bindigogi masu tsada, shi kuwa ya fi duka cin lokaci. Wanda ya ji abokinsa ya biya kaɗan a kan na biyu, ya je yana faɗa da maƙeri a kan na uku, ya auna gero da mudun da ba nasa ba.

Ga yadda aikin na uku yake. Maƙeri zai fara auna mai bindigar, domin tazarar da ke tsakanin kunama da ƙarshen gindi a yawancin bindigogin masana'anta inci 14 ce ko ɗan sama da haka, kaurin gammo kuwa yakan kai inci 1. In aka ɗora shi ba a rage katako ba, bindiga ta yi tsawo, ta riƙa kama riga a hammata sa'ad da ake ɗaga ta. Saboda haka sai a sa zarto. Yankan nan yana da karkata da dole a kiyaye, in an kuskure ta, ƙasan gindin ya riƙa sukar ƙirji, ko kuma bindigar ta zame daga kafaɗa. Icen ƙota kuwa, wanda mafi kyawunsa walnat ne na Turkiyya da Faransa, yana iya tsagewa a bakin zarto in hannu bai ƙware ba. Bayan yanka sai a daidaita fuskar katakon ta yi sumul, a toshe ramukan tsofaffin sukurori da 'yan turaku da gam, a huda sababbi, a shafe wurin yankan da mai don kada danshi ya shiga. Sa'an nan a zana siffar ƙota a jikin gammo, a kai shi ga injin gurza, ana ci kaɗan-kaɗan har layin ƙasan ƙota ya zarce cikin robar ba tare da karyewa ba. Da yawa daga cikin gammayen nan akwai ƙarfe a cikinsu, in aka zarce da gurza ƙarfen ya bayyana, gammo ya lalace, maƙeri ya sayi wani da kuɗin aljihunsa. In kuwa samfefa ta taɓa jikin ƙota, ta cinye shafen da aka yi shekaru ana tattalinsa.

Wanda ya fahimci wannan zai ga cewa kuɗin roba ba shi ne ma'aunin lada ba. Ba a biyan mai ɗinkin aska takwas gwargwadon kuɗin zare, ba a kuma biyan mai rubuta littafi da hannu gwargwadon kuɗin tawada. Abubuwa uku ne ke cikin ladan maƙerin nan. Na ɗaya lokacinsa, da shekarun da ya yi yana koyo har ya iya gama aikin cikin lokacin da aka gani. Na biyu abin da rumfarsa ke ci: inji, da haya, da izinin hukuma, domin a Amurka dokar makamai ta 1968 ta wajabta wa mai sana'ar gyaran bindiga lasisin gwamnatin tarayya, a Ingila ma dokar makamai ta wannan shekarar ta 1968 ta wajabta masa rajista. Na uku, wanda aka fi mantawa da shi alhali ya fi nauyi, shi ne lamuni.

A ƙaddara misali: roba dala 40, lada dala 80, bindiga dala 2,000. Mai bindiga yana duban 40 da 80, yana ganin an ninka masa. Maƙeri kuwa yana duban 80 da 2,000, domin da ya ɗauki zarto dukiyar nan ta hau wuyansa, yankan katako kuma kamar zarar bunu ne, ba ya komawa. Malaman mazhabar Imamu Malik sun daɗe da gane wannan. A cikin Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani an tabbatar da cewa masu sana'a suna lamuncewa abin da aka ba su suka tafi da shi, kuma Muhtasar na Halilu ya bayyana cewa mai sana'ar da ya kafa kansa domin jama'a yana biyan ƙimar abin ta ranar da aka miƙa masa, sai fa in shaidu sun tabbatar da cewa ya halaka ba da sakacinsa ba. Wanda shari'a ta ɗora wa biya in ya ɓata, adalci ne ladansa ya nuna nauyin abin da ya ɗauka.

Daga nan ake samun amsar wata tambaya: shin ya halatta maƙeri ya ɗora lada mafi yawa a kan bindiga mai tsada, alhali aikin iri ɗaya ne? Bindigogin gidan Purdey, wanda aka kafa a Landan a 1814, da na Holland & Holland, wanda ya faro a 1835, ƙotarsu kaɗai ta fi bindigogi da yawa na masana'anta tsada. Mai yanka irin wannan ƙota dole ya ƙara natsuwa, ya ƙara lokaci, hasararsa kuma in ya kuskure ta fi girma. Ƙarin lada a nan yana da dalili. Amma in maƙeri ya dubi motar mutum da tufafinsa ya ƙara masa kuɗi a kan bindiga irin ta kowa, wannan ya auna aljihu ne, bai auna aiki ba, kuma cin dukiyar mutane ne ba da haƙƙi ba.

Kada maƙera su ɗauka an wanke su gaba ɗaya, domin rabin gardamar daga gare su take fitowa. Sharaɗin ijara shi ne a san aikin, a ambaci lada tun ba a fara ba. Maƙerin da aka tambaya nawa ne ya ce, "Bar ta kawai, ba za mu ɓata ba," shi ya shuka rigimar da zai girba ranar karɓa. Haka wanda ya ɗaure sukuru biyu ya karɓi ladan gurza, da wanda aka yi ciniki da shi saboda sunansa ya miƙa wa yaron da bai ƙware ba ba tare da ya faɗa ba, da wanda ya sa roba mai araha ya karɓi kuɗin mai tsada. Cin riba a kan robar halal ne, domin malaman Malikiyya sun halatta haɗa saye da ijara cikin ƙulli ɗaya, amma a faɗi irinta da kuɗinta, a faɗi lada daban. Kuma wanda ya karɓi cikakken lada ya bar tudu tsakanin roba da katako, ko ya karya layin ƙota, dole ya gyara ko ya biya. Kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski.

Masu bindiga su ma suna da nasu laifin. Akwai mai yarda da lada, in an gama ya fara neman ragi, alhali katako ya riga ya yanku, maƙeri ba shi da hanyar karɓe aikinsa. Akwai mai gwada yi da kansa a gida, ya ɓata, ya kawo yana son a gyara masa da ladan sabon aiki, bai san gyaran ɓarna ya fi farawa wuya ba. Akwai kuma mai yawo rumfa-rumfa yana neman wanda ya fi kowa araha, ya ba shi bindigar da ya gada daga mahaifinsa. Araha ba ta ado, abin da ya tsimi yau zai biya shi ninki ranar da ya zo sayarwa, domin masu saye suna fara duban gindin ƙota, in sun ga mummunan yanka su karya kuɗin.

Idan aka ce, me zai hana a yanke lada ɗaya kowa ya bi a huta? Sai a ce, Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito daga Anas cewa kaya sun yi tsada a Madina, mutane suka roƙi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yanke musu farashi, bai yi ba. Balle aikin hannu, wanda ya bambanta daga ƙota zuwa ƙota, daga gari zuwa gari, domin hayar rumfa a babban birni ba ɗaya take da ta ƙauye ba. Lada ɗaya zai zalunci gwani, ya kuma azurta maras iyawa. Abin da fiƙihu ya tanada ya fi wannan: in an yi aiki ba a ambaci lada ba, ko ƙullin ya ɓaci, a koma ga ujratul misli, watau a tambayi amintattun masu sana'ar na wannan garin abin da ake biya a kan irin wannan aiki, shi za a bayar, ba ƙari ba ragi.

Saboda haka hanyar tsira ga ɓangarorin biyu gajeriya ce. Kafin zarto ya taɓa katako, mai bindiga ya tambayi maƙera biyu ko uku na garinsa, ya nemi a nuna masa aikin da suka yi a baya, ya dubi mahaɗar roba da katako ya shafa da yatsa. In ya zaɓi ɗaya, su zauna su faɗi wane irin gammo ne, nawa kuɗinsa, nawa lada, za a yanka ƙota ko ba za a yanka ba, inci nawa za a bari, wace rana za a karɓa, wa zai biya in an ɓata. A rubuta wannan a takarda, kowa ya riƙe tasa. A kuma mayar wa mai bindiga guntun katakon da aka yanke, domin nasa ne, yana iya bukatarsa in bindigar ta koma hannun wanda ya fi shi tsawon hannu. Ladan da aka ƙulla ta wannan hanya, da yardar juna da sanin juna, shi ne ladan adalci, ko ya ninka kuɗin robar sau biyu. Wanda aka ɓoye kuwa har ranar karɓa yana tare da shubuha, ko da ya zo da sauƙi.

Allah Ya sa albarka cikin sana'ar masu sana'a da dukiyar masu dukiya, Ya tsare kowa daga cin haƙƙin ɗan'uwansa. Allah ne Mafi sani. Haza wasalam.