"Mock" Ba Jarrabawa Kaɗai Ba Ce



Duk wanda ya kai aji uku ya san kalmar "mock", domin ita ce jarrabawar gwaji da ake yi kafin BECE. Amma idan ka buɗe ƙamus, ma'anar da za ka fara gani ba jarrabawa ba ce. "Mock" na nufin ka yi wa mutum izgili, musamman ta hanyar kwaikwayon maganarsa ko tafiyarsa don a yi masa dariya. An kira jarrabawar da wannan suna ne saboda tana kwaikwayon ta gaske. Wannan kwaikwayon yana da amfani. Wanda ake yi a kujerun baya shi ne abin da nake so mu duba.

Yawancinmu kalma ɗaya muka sani a Turanci game da wannan hali, wato "laugh at". Alhali Turawa sun rarraba abin dalla-dalla. "Mimic" shi ne kwaikwayon murya da motsin mutum, kuma ba dole ya zama da mugunta ba, domin ɗan wasan kwaikwayo ma yana yi. "Ape" asalinsa sunan manyan birai ne irin su goggon biri, kuma idan aka ce wani yana "aping" ɗinka, ana nufin kwaikwayo irin na biri, babu tunani a ciki. Ku lura, a nan mai kwaikwayon ne aka kira biri, ba wanda ake kwaikwaya ba. "Sneer" shi ne taɓe baki da yatsina fuska, ko da ba a ce uffan ba. "Jeer" shi ne ihun taro, irin wanda ake yi wa ɗan ƙwallon da ya zubar da fenariti. "Taunt" kuma tsokana ce da gangan har sai ka fusata. Akwai "ridicule" da ta fito daga kalmar Latin mai nufin dariya, amma wadda ta fi ba ni tsoro ita ce "sarcasm", wato gatse. Tushenta kalmar Girkanci ce mai nufin yagar nama. Duk wanda aka taɓa yi wa gatse a gaban aji ya san ba su yi ƙarya ba.

Sai kuma "tease". Ita ce zolaya, kuma ita ce mafakar masu laifi. Kanawa da Zagezagi suna zolayar juna, Fulani da Barebari ma haka, taubasai kuwa ba a magana. Amma a irin wannan wasa kowa yana da bakin ramawa, kuma su biyun suke dariya. Idan mutum arba'in suna dariya, mutum ɗaya ya sunkuyar da kai, wannan ya tashi daga "tease" ya koma "mock".

Ga yadda abin yake faruwa a azuzuwanmu. Malam ya ce wani ya tashi ya karanta. Yaron ya zo kan "people" ya ce "fiful", ko ya zo kan "fifty" ya ce "pipti". Kafin ya zauna an riga an maimaita sau biyar daga baya, kuma har a tashi makaranta sunansa ya koma Fiful. To mene ne abin dariya a nan? Hausa ba ta raba p da f ba, shi ya sa a abacadarmu babu p. Harshen da ya saba da Hausa tun yana goye dole ya ɗauki lokaci kafin ya raba su. Masu dariyar ma da yawansu haka suke faɗa, sai dai ba su aka tayar ba. Washegari yaron ba zai ƙara ɗaga hannu ba, ko ya san amsa. Wanda ba ya buɗe baki kuwa yaya za a yi ya iya Turanci? Ga shi da Turancin ake rubuta lissafi da kimiyya da sauran darussa a jarrabawa.

Wani zai ce ai da Hausa ma muna da ba'a, izgili, shaguɓe, habaici da zambo, me ya kai mu ga na Turawa? Gaskiya ne, kuma namu ba su gaza nasu ba. Amma a makaranta an ce mu riƙa magana da Turanci, kuma da shi ake kai ƙara. Yaro ya je gaban malamin ladabtarwa ya ce an yi masa "laugh", sai a ce masa dariya ba laifi ba ce, ya koma aji. Da ya san "mock" ko "taunt", da an fahimci abin da aka yi masa.

Don haka ina roƙon malaman Turanci su ware mana darasi ɗaya a kan waɗannan kalmomi, a rubuta su a allo tare da takwarorinsu na Hausa. Ina kuma roƙon monitoci su daina karɓar "wasa nake yi" daga bakin mai kwaikwayo. A tambayi wanda aka kwaikwaya ko shi ma ya ji daɗin wasan. Wanda kuma aka kama yana maimaita karatun wani daga baya, ni ban ce a yi masa bulala ba. A miƙa masa littafin, ya fito gaban allo ya karanta sakin layin da ke biye.

Daga wata ɗalibar aji biyu, Ƙungiyar 'Yan Jarida