WordPress, Joomla ko Drupal: A zaɓi wadda za a iya riƙewa

Duk jarida, makaranta ko ƙungiyar da za ta buɗe shafin intanet sai ta zaɓi manhajar wallafa. Uku ne suka fi shahara cikin na kyauta, waɗanda kowa ke da damar yi musu kwaskwarima.

WordPress, wadda ta fito a 2003, na ɗauke da sama da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya. Tana da sauƙi, masu gyaranta kuma ba sa wuyar samu. Drupal ta fi dacewa da manyan hukumomi, amma sai da ƙwararre. Joomla na tsaka-tsaki.

Sai dai kyautar a wajen saukewa ta tsaya. Wurin ajiye shafi kuɗi ne, sabuntawa kuma aiki ne. Yawancin ɓarakar tsaro a WordPress daga ƙananan manhajojin da ake liƙa mata take fitowa. Masu Drupal 7 kuwa, tun Janairun 2025 aka daina aiko musu da gyaran tsaro a hukumance.

Don haka kafin a yanke shawara, a fara tambaya: wa zai kula da shafin ranar da maginin ya kama gabansa? In babu amsa, rubutun shekaru na iya salwanta dare ɗaya.