Me Na Yi Wa Allah? Magana Ga Mai Tarin Fuka Da Ikilisiyarsa



Akwai tambaya guda da mu masu jinya muke ji fiye da kowace: me na yi wa Allah? Mai tarin fuka da ya rame har riga ta yi masa yawa yana yinta. Uwar da ɗanta ke kwance tana yinta. Wani ba ya furta ta, amma ita ce ke zaunar da shi a ɗaki wata huɗu yana tari a ɓoye, don kada a ce a ƙauye alhaki ne ya kama shi, ko an yi masa baki. Kafin a ɗauko shi a kan babur zuwa asibiti, ciwon ya ci huhu, yara a gidan kuma sun fara tari. Ni ma'aikaciyar jinya ce, wa'azi aikin fasto ne. Amma na ga yadda wannan tunani ke kashe mutane, shi ya sa nake so mu duba abin da Bishara ta koya a kansa.

A Bisharar Yohanna sura 9, almajirai sun ga wani mutum da aka haifa makaho, suka tambayi Yesu ko zunubin wa ya jawo masa haka, nasa ko na iyayensa. Yesu ya nuna musu cewa ba laifin kowa ba ne a cikinsu, ya kuwa buɗe masa ido. A Luka sura 13 ya ambaci mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa suka mutu, ya ce ba su fi sauran mutanen Urushalima laifi ba. Dukanmu masu zunubi ne, dukanmu muna bukatar tuba, mai lafiya da marar lafiya. Saboda haka idan ka ga maƙwabcinka a kwance, ba ka da ikon yanke masa hukunci. Idan kai ne a kwance, kada ka yanke wa kanka.

Wani zai ce, ai akwai ciwon da mutum ke jawo wa kansa. Gaskiya ne. Giya tana lalata hanta, taba tana lalata huhu. Amma ko wanda ya jawo wa kansa, Yesu bai kore shi ba, mu ma a asibiti ba ma tambayar tarihin zunubi kafin mu ba da gado. Tarin fuka kuwa ƙwayar cuta ce ke kawo shi. Wani likita Bajamushe mai suna Robert Koch ne ya gano ta a shekarar 1882. Tana fita cikin iska idan mai ciwon ya yi tari ko atishawa, wanda ke kusa ya shaƙa, musamman a ɗakin da ba taga. Tana kama dattijon ikilisiya, tana kama mashayi, tana kama jariri.

Kuskure na biyu ya fi ba ni tsoro, don da sunan bangaskiya ake yinsa. Mutum ya fara shan magani, bayan wata ɗaya ko biyu tari ya lafa, ya fara cin tuwo sosai. Sai a yi masa addu'a, wani ya ce masa ya warke, ci gaba da shan ƙwaya alamar shakka ce. Sai ya ajiye magani. Bayan 'yan watanni ya dawo, ciwon ya fi na farko.

Ga abin da ke faruwa. Maganin tarin fuka wata 6 ne. Wata 2 na farko ana shan haɗin magani iri huɗu, wata 4 na baya iri biyu. Ƙwayoyin cutar masu rauni suna mutuwa da wuri, shi ya sa kake jin sauƙi. Masu taurin kai suna nan a ɓoye, su ne sauran watannin ke kashewa. Idan ka tsaya a tsakiya, za su iya sabawa da maganin har ya daina yi musu komai. Daga nan sai wani magani daban, mai wahala, kuma irin wannan ƙwaya mai taurin kai ce za ka ba matarka da 'ya'yanka.

Wanda ya ce maka ajiye magani bangaskiya ce, ka tuna masa Matiyu sura 4. Shaiɗan ya kai Yesu ƙololuwar Haikali, ya ce ya diro, ai mala'iku za su tare shi. Yesu ya ƙi, don gwada Allah ne. A Luka sura 17, kutare goma da suka roƙe shi, ya tura su wurin firistoci, waɗanda a zamanin su ne ke duba mutum su tabbatar ya tsarkaka. Basamariyen nan mai tausayi, da ya sami wanda 'yan fashi suka yi wa rauni, ya zuba mai da ruwan inabi a raunukan, ya ɗaure, ya biya kuɗin jinya daga aljihunsa. Luka kansa, wanda ya rubuta mana waɗannan, likita ne.

Mu 'yan ikilisiyar Luta muna da misali a gidanmu. A shekarar 1527 annoba ta shiga garin Wittenberg a Jamus. An shawarci Martin Luta ya bar garin, ya zauna, aka kuma yi jinyar marasa lafiya a gidansa. A rubutun da ya yi a lokacin, ya gargaɗi mutane su roƙi Allah, su sha magani, su tsabtace iskar gidajensu, su guji cuɗanya inda ba a bukatarsu, amma su je wurin maƙwabcin da ke bukatar taimako. Waɗanda suka ƙi magani da sunan dogara kuwa, ya ce suna gwada Allah ne. Manomi yana addu'ar ruwa, yana kuma shuka. Ba wanda ke ce masa shuka rashin bangaskiya ce.

Ba zan ɓoye muku ba, akwai wanda ya zo da wuri, ya sha magani yadda aka ce, aka yi masa addu'a dare da rana, duk da haka Allah ya kira shi. Kada wani ya ce wa iyalinsa bangaskiyarsu ce ta gaza. A gonar Getsamani Yesu ya roƙi Uba sau uku a ɗauke masa wahalar da ke gabansa, ya kuma miƙa kansa ga nufin Uba. Ba a ɗauke ba. Wa zai ce bangaskiyar Yesu ce ta gaza? Ya san ƙishi, ya san zafin jiki, ya san yadda abokai ke gudu su bar mutum. Ya yi kuka a kabarin Li'azaru. Mai ciwon da ya yi kuka bai saɓa wa Allah ba. Allahn da muke dogara gare shi ya shiga wahala da jikinsa, ya tashi a rana ta uku, kuma ya yi alkawarin yana tare da mu har ƙarshe. Wannan alkawari yana nan a kan gadon asibiti, yana nan a bakin kabari.

Yanzu gare ku, dattawa, matasa da zumuntar mata. A Markus sura 2, mutum huɗu ne suka ɗauko shanyayye, da suka rasa hanya suka buɗe rufin ɗaki suka saukar da shi gaban Yesu. Mai tarin fuka yana bukatar irin waɗannan huɗun. Wata shida yana da tsawo ga wanda ba ya iya noma. Ku yi masa gayya a gonarsa. Ku tara kuɗin mota na ranar karɓar magani. Ku kai masa wake, gyaɗa, ƙwai da nono, don jikin da ya rame yana bukatar abinci mai gina jiki. A zaɓi mutum ɗaya da zai riƙa ganin ya haɗiye ƙwayarsa kowace safiya, ko da lokacin azumi ne. Kada ku ware masa kwano kamar bare, don ciwon ba ta kwano yake bi ba. Ku buɗe tagogi, a zauna da shi a waje inda iska ke kaɗawa, shi kuma ya rufe baki da ƙyalle idan zai yi tari. Bayan 'yan makonni yana shan magani daidai, haɗarin ya ba wani yana raguwa ƙwarai.

Kai kuma mai tari, idan ya kai mako 2, ko kana zufa da dare, kana ramewa, ko ka ga jini a kaki, ka zo a gwada kakinka. Maganin tarin fuka kyauta gwamnati ke bayarwa. Za a nemi a gwada ka ƙanjamau ma, don cututtukan biyu sukan haɗu, kuma shi ma yana da maganin da ke riƙe mutum da ƙarfinsa. Idan fitsarinka ya yi ja bayan ka fara sha, kada ka tsorata, aikin ɗaya daga cikin ƙwayoyin ne. Amma idan idonka ya yi rawaya, ko amai ya ƙi tsayawa, ko ganinka ya fara dushewa, ka dawo wurinmu a ranar. Ka zo da mutanen gidanka a duba su, musamman yara 'yan ƙasa da shekara 5.

Ka yi addu'arka da safe, ka haɗiye ƙwayarka, ka riƙe katinka har ranar da za a gwada ka a ce ka gama. Ubangiji ya ba ka lafiya, ya ƙarfafa masu jinyarka. Amin.