RA'AYI: Yashi Bai San Kuɗin Mota Ba

Tun da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta ɗage takunkumin biza da ta ƙaƙaba wa 'yan Najeriya a shekarar 2024, hotunan da aka saba gani suka dawo shafukan sada zumunta. Farar Land Cruiser tana hawa tudun yashi da yamma, tana karkacewa kamar za ta kife, yashi na tashi ta gefen gilashi, na ciki suna ihu, rabi murna rabi salati. Wannan shi ne yawon hamada da ake kai baƙi a Dubai, galibi wajen jajayen tuddan Lahbab, kuma da wuya mai hali ya je garin ya dawo bai ɗanɗana ba.

Akwai wani abu da ke faruwa kafin duk wannan, wanda ba a cika ɗaukar hotonsa ba. A bakin kwalta direba kan tsaya, ya durƙusa gaban kowace taya, ya sace mata iska. Tayar da mai faci ke cika wa awo 35 sai a mayar da ita wajen 15. Idan ta yi laushi, tafinta kan shimfiɗu a ƙasa, nauyin mota ya bazu, sai ta riƙa tafiya a bisa yashi kamar yadda faffaɗan tafin raƙumi ke yi. Wanda ya raina wannan durƙuson ya shiga da tayarsa a cike, ko taku ɗari ba zai yi ba zai kafe, kuma duk taka totur da zai ƙara, rami yake haƙa wa kansa har cikin motar ya zauna daram a ƙasa. Daga nan sai shebur da igiyar ja da taimakon wanda ya fi shi sani.

A nan ne tsadar mota ke zama kaya. Ba a musun cewa Land Cruiser da Nissan Patrol, waɗanda asalinsu ya koma 1951, da Range Rover ta 1970 da G-Class ta 1979, an ƙera su ne domin wahala. Sai dai samfurin da attajirai ke saya a yau an ɗora masa kujerun fata masu tausa, da firiji, da gilashi mai kauri, har nauyin wasu ya haura tan biyu da rabi. An kuma sa musu manyan ƙarafan taya na inci 21 ko 22 domin ƙawa, robar da ke kai siririya, babu wurin rage iska sosai ba tare da taya ta zame daga ƙarfenta ba. Hatta kwamfutar da ke hana taya sulɓi a kwalta, a yashi takan yanke wa inji ƙarfi daidai lokacin da ake tsakiyar hawa, shi ya sa ƙwararru kan kashe ta ko su juya motar zuwa tsarin tafiyar yashi. Ba abin mamaki ba ne a ga tsohuwar Hilux da fentinta ya koɗe ta zo ta ja motar da ta ninka ta kuɗi sau goma.

Abin da ya fi wannan haɗari shi ne surar tudun kansa. Iska ce ke gina shi, kuma fuska biyu gare shi. Wadda iska ke bugawa tana da tauri, hawanta a hankali yake. Ta bayan kuwa gangare ne mai tsananin tsayuwa, kimanin digiri 33, yashinsa sako-sako ne mai zubewa da an taɓa shi. Mai hawa ba ya ganin abin da ke bayan ƙololuwa sai ya kai. Idan gudunsa ya gaza, motar ta maƙale a kan tsini, tayoyi huɗu suna lilo. Idan ya wuce kima, ta yi tsalle ta dira da hanci. Idan kuma tsoro ya sa ya karya sitiyari a tsakiyar gangare, doguwar mota mai nauyi a sama sai ta mirgina. Da tsakar rana inuwa kan ɓace, rami da tudu su zama launi ɗaya a ido. Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, in ji Hausawa, ya yi dubu bai fita ba. Saboda haka masu wannan sana'a ba sa shiga da mota guda, ayari suke yi da madugu a gaba, kowace mota da doguwar tuta a baya domin wanda ke hawowa ta ɗaya ɓangaren ya hango ta.

Dubai ta san da wannan duka, ta kuma yi masa shinge. Direban da zai ɗauki baƙi sai ya mallaki izini na musamman. A 2003 aka keɓe murabba'in kilomita 225 a matsayin gandun kare hamada, inda kamfanoni ƙalilan kaɗai ke da damar shiga, su ma a kan hanyoyin da aka shata. A Liwa ta Abu Dhabi, inda ake gasar hawa tudun Moreeb kowace shekara, wuri ne sananne da aka ware, da jami'an ceto a kusa. Baƙon da ya biya kuɗinsa yana ganin kasada, amma kasada ce da aka auna aka yanka masa daidai wuyansa.

Saharar da ke maƙwabtaka da Najeriya ba ta da wannan shinge, kuma tarihinta da mota ba na wasa ba ne. A 1977 Bafaranshe Thierry Sabine ya ɓata a kan babur a yankin Tenere, aka ceto shi da ƙyar, daga nan ya ƙirƙiro gasar Paris zuwa Dakar, wadda ta yi shekaru tana ratsa Agadas. Shi kansa a cikin gasar ya rasu, a hatsarin jirgi mai saukar ungulu a Mali a watan Janairun 1986. An soke gasar a 2008 saboda barazanar tsaro a Muritaniya, ta koma Kudancin Amurka, daga 2020 kuma Saudiyya. Kafin duk wannan, a 1973, wata babbar mota ta banke itaciyar Tenere, wadda ita kaɗai ce tsaye a tazarar ɗaruruwan kilomita, ayarin gishiri na Bilma na gane hanya da ita. Gawarta na gidan tarihi a Yamai. A watan Oktoban 2013 kuma aka tsinci gawarwaki 92, mafi yawansu mata da yara, a arewacin Arlit kusa da iyakar Aljeriya, bayan motocin da suka ɗauko su sun lalace, ƙishirwa ta ƙarasa su. Yashin da wani ke biyan kuɗi ya yi ihu a kansa na awa guda, shi ne hanyar neman abincin wani.

Me ya jawo wannan magana gida? Najeriya na da motocin, tana kuma da tuddan. Motocin sun cika Maitama da Asokoro, kuma ba a manta da 2023 ba, lokacin da 'yan Majalisar Tarayya suka kare sayen jif-jif na miliyoyin naira da hujjar lalacewar hanyoyi, hanyoyin da su ke amincewa da kasafin gyaransu. Tuddan kuwa suna Ƙaramar Hukumar Yusufari ta Jihar Yobe, wajen Tulo-Tulowa da dausayin Bulatura, wanda ke cikin gandun dajin ƙasa na Tafkin Chadi. Duk wanda ya ga hotunansu ya san ba su gaza na Larabawa kyau ba, kuma an daɗe ana kiran a mai da su wurin yawon buɗe ido. Kira ne mai kyau. Yankin na buƙatar kuɗin shiga, matasansa kuma na buƙatar aiki. Ranar da masu manyan motoci za su gane cewa ba sai sun nemi biza ba tana tafe.

Kafin ta zo, ya kamata a lura da bambanci guda. A bayan tuddan Lahbab babu talakan da ke jiran damina. A bayan na Yusufari akwai gonakin gero, da rijiyoyi, da dabino da goruba, da gidajen da yashi ya riga ya fara binnewa. Abin da ke riƙe tudu a wurinsa shi ne 'yar ciyawa da ƙananan tsirran da ke kansa, waɗanda saiwarsu ke ɗaure yashi. Suna shekaru kafin su kafu, taya mai ɗauke da tan biyu da rabi kuwa a wucewa ɗaya take tumɓuke su. Da an tone, iskar hunturu ta samu abin ɗauka, tudu ya tashi tafiya. Yobe na cikin jihohi 11 da hukumar shirin katangar bishiyoyi ta ƙasa, wadda aka kafa a 2015, ke kashe kuɗin jama'a domin tsayar da irin waɗannan tuddai. Zai zama abin takaici a ce hannu ɗaya na dasawa, ɗaya kuma na sayar da tikitin takewa.

Hana zuwa ba shi ne mafita ba, kuma ba zai yiwu ba. Abin da ke gaban Gwamnatin Yobe da hukumar kula da gandun daji shi ne su riga masu motar isa wurin. A zauna da masarauta da masu unguwanni a tantance tuddan da babu tsiro a kansu kuma suka yi nesa da gona da dausayi, a ce nan kaɗai mota za ta hau. A haramta shiga da mota ɗaya. A wajabta ɗaukar ɗan jagora daga cikin direbobin yankin, waɗanda suka shekara suna kai kaya kasuwannin kan iyaka ta cikin wannan yashi, a kuma yanka musu lada mai mutunci. Wani kaso na kuɗin shiga ya tafi kai tsaye ga dashen bishiyoyi a ƙauyen da ya fi kusa. Sauran tuddan a bar wa raƙumi da mai tafiya a ƙasa.

Sai kuma batun ceto, wanda masu sha'awar wasan ba sa son a tayar. Motar da ta kife a Liwa jami'ai na kanta cikin ɗan lokaci. Wanda ya karya wuya a bayan Tulo-Tulowa, sai an fara fito da shi daga yashi, a kai shi Yusufari, sannan a kama hanyar Gashuwa ko Damaturu, kuma mafi yawan takardun inshorar mota ba sa biyan ɓarnar da aka yi a wajen hanya.