Abin da ya yi aiki a Termux ba lalle ya yi a Windows ba

Matasa da dama a yankin Gwarzo da Kabo, har da ƙauyuka irin su Masanawa, da waya suke fara koyon haɗa manhaja. Su sauke Termux, su koyi Python a baƙin allo, sai wata rana mai shagon kwamfuta ya ba su aikin shiga na'urori goma su sabunta kowacce. A nan ake cin karo da matsala. Wasu manhajojin sukan tsaya su nemi kalmar sirri, ko su ce a danna y ko n. Rubutun umarnin da aka bari ya yi aikin shi kaɗai sai ya tsaya cak yana jiran hannun mutum.

Maganin ya daɗe da samuwa. A 1990 Don Libes na hukumar NIST a Amurka ya fitar da Expect, daga baya Pexpect ta kawo dabarar cikin Python. Suna buɗe allo na bogi, su jira tambayar ta fito, su buga amsa, manhajar ta ɗauka mutum ne a zaune. Dalili kuwa shi ne irin su ssh daga allon kai tsaye suke karɓar kalmar sirri, shi ya sa tura ta da echo ba ya aiki.

Duk da haka, bai kamata wannan ta zama hanyar farko ba. Linux da macOS da Android sun gaji allon bogin nan daga tsarin Unix. Windows kuwa sai a 2018 ta sami nata, ConPTY, kuma umarnin spawn na Pexpect ba ya aiki a kanta. Wanda ya gwada rubutunsa a waya ya tafi da shi shagon da Windows ce a ko'ina, zai ji kunya a gaban mai shago. Ga kuma babban haɗari: kalmar sirri tana rubuce ƙuru-ƙuru a cikin fayil, fayil ɗin kuma yana yawo a filash da WhatsApp.

Abin da ya fi shi ne a hana tambayar tasowa tun farko. Umarnin apt yana karɓar -y. Makullin da ssh-keygen ke ƙerawa yana maye gurbin buga kalmar sirri, kuma Windows 10 ma tana zuwa da OpenSSH tun 2018. Mai Python na iya amfani da Paramiko, wadda ke aiki a Windows da Linux da macOS.

Idan manhaja ta ƙi kowace hanya, to a ɗauko Expect. Amma a sa mata iyakar lokacin jira, a cire kalmar sirri daga fayil ɗin, a kuma gwada a kan ainihin na'urar da za ta yi aikin kafin a karɓi kuɗin mutane.