Fita da ƴan aji ɗaya ba yawon banza ba ne

A makarantun firamare da yawa na ƙasar Hausa ta Nijar, yaro ɗan shekara 6 ko 7 yana shiga ajin CI a watan Oktoba, ya fito a watan Yuni, malaminsa bai taɓa ƙetare ƙofar makaranta da shi ba. Malamin da ya gwada yin haka kuwa sai ya sha tambaya: darekta ya ce tsarin karatu yana jira, wasu uwaye su ce ba yawo suka aiko ƴaƴansu ba. Wannan ra'ayi kuskure ne, kuma yara ne ke biyan kuɗinsa.

Yaron da aka kawo lakwal ba da kai wofi ya zo ba. Ya san dala ashirin su ne faran 100, domin an sha aikensa sayen ƙosai. Ya san tiya, ya san damin hatsi, ya san gawo yana zubar da ganye da damina ya yi kore da rani. Da ya zauna a aji sai a nuna masa duk wannan ba ilimi ba ne, a sa shi maimaita kalmomin da bai taɓa ganin abin da suke nufi ba. Daga nan yake koyon cewa karatu haddar baki ce, abin da ido ya gani kuma ba shi da daraja. Shi ya sa ake samun ɗan CP da ke kasa tara 15 da 10 a kan allo, alhali ba mai cutarsa ko dala a kasuwa.

Hujjar farko da ake kawowa ita ce rashin kuɗi. Gaskiya ne makarantar da ba ta da isassun tebura ba za ta ɗauki hayar mota zuwa gidan tarihi na Bubu Hama da ke Yamai tun 1959 ba. Amma wa ya ce fita sai da mota? Ɗan Damagaram yana da Birni da fadar sarki da majema, inda zai ga yadda fata ke zama jaka. Ɗan Mirya yana da maginan tukwane. Ɗan Galmi yana da garaken albasa. Ɗan Maraɗi, in aka tsaya da shi bakin gulbi, aka ba shi labarin ambaliyar 1945 da ta sa gari ya hau tudu, ya sami tarihi da sanin ƙasa a safiya guda. Inda babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, akwai maƙera, akwai rijiya, akwai rumbu, ga shi ana buɗe makaranta daidai lokacin kaka.

Hujja ta biyu ita ce ɓata lokaci. Lalle fitar da ba a shirya ba yawo ce. Amma malamin da ya san aikinsa yana zuwa wurin maƙeri tun jajibiri, ya tanadi tambayoyi uku ko huɗu. In an dawo, yara su faɗi abin da suka gani, a ƙirga zuga-zugai da gudumomi, a zana, a rubuta “wuta” da “ƙarfe” a kan allo. Awa guda a waje tana ciyar da darasin magana da lissafi da rubutu na mako guda. Wannan ba sabon abu ba ne. Célestin Freinet ya riƙa fita da ɗalibansa cikin ƙauyen Bar-sur-Loup na Faransa tun shekarun 1920. Abdu Mumuni kuma, a littafinsa kan ilimi a Afirka na 1964, ya nuna cewa ƙarfin tarbiyyar gargajiya shi ne ba ta raba koyo da rayuwa.

Hujja ta uku, wadda ta fi nauyi, ita ce yawan yara da haɗarin hanya. Mutum guda ba ya iya tsare yara 70 a gefen titi, kuma a yankunan da tsaro ya taɓarɓare babu mai hankalin da zai ce a yi nisa. Maganin abin shi ne a raba aji biyu, a fita da sanyin safiya, a nemi uwaye mata biyu ko uku su yi rakiya. Ƙungiyoyin uwayen yara da kwamitocin kula da makaranta, in ba su yi wannan ba, mene ne aikinsu ban da tara kuɗi?

Sauran magana ta harshe ce. Maƙeri ba zai yi bayani da Faransanci ba, kuma wannan ne ainihin abin da ke tsorata wasu. To, tun 1973 aka fara gwajin koyarwa da Hausa a Damagaram, dokar ilimi ta 1998 ta amince da harsunan ƙasa a matsayin harsunan koyarwa, a 2025 kuma aka ayyana Hausa harshen ƙasa. Yaron da ya fahimci abu da harshensa, ba shi sunan abin da Faransanci ba ya wuya.

Saboda haka masu duba makarantu su daina auna malami da yawan shafukan da ya cinye kawai. Su tambaye shi sau nawa ya fita da yara, da abin da suka komo da shi. Ƙungiyoyin raya al'adu kuma, waɗanda ke kukan yara ba su san garinsu ba, su rubuta sunayen masu sana'a da dattawan da suka yarda su karɓi aji, su miƙa wa daraktan kowace unguwa kafin Oktoba.