Ba Gudun Gaskiya Muke Yi Ba, Amma Mu Ma Akwai Gyara a Kanmu

Duk mai karanta labaran al'ajabi ko ƙagaggun labaran kimiyya a ƙasar nan ya san irin kallon da ake masa. Kana cikin adaidaita sahu ka buɗe wayarka, na kusa da kai ya leƙo ya ga labarin jirgin da ke ratsa taurari, sai ya girgiza kai: "Malam, ana wannan tsadar rayuwa kai kana karanta ƙarya?" A tarukan marubuta ma haka ake faɗi, sai dai da lafazi mai laushi: wai adabin da ya dace da lokacin wahala shi ne wanda ya kwatanta wahalar yadda take, saura kuwa shiriritar yara ce da aka aro daga Turawa. Mun daɗe muna haɗiye wannan magana. Yau za mu amsa, in mun gama kuma mu juyo kanmu, don mu ma ba tsarkaka ba ne.

Mu fara da zancen aro. Gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933 ita ta haifi ƙagaggun labaran Hausa na boko, kuma cikin waɗanda suka yi fice akwai Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara. Na farko tafiya ce ta neman ruwan magani har ƙasar aljanu. Na biyu jarumi ne da ya yaƙi Turawan mulkin mallaka, da ƙasa ta faɗa hannunsu sai labarin ya ɗauke shi zuwa duniyar aljanu da dodanni, inda takobinsa ke da sauran amfani. An buga wannan ne Turawa na kan mulki. Wanda bai ga siyasa a ciki ba, bai karanta da idon basira ba. A 1969, ana tsakiyar yaƙin basasa, Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, labarin yaron da wani baƙo daga sararin samaniya ya tafi da shi. A 1975, zamanin mulkin soja, Bala Abdullahi Funtua ya mayar da littafin George Orwell zuwa Gandun Dabbobi. To ina aron yake? Kafin boko ma, da Gizo da Ƙoƙi iyayenmu suka koya mana yadda marar ƙarfi ke tsira a gaban zaki.

Sai zancen gudu. E, wani lokaci hutu muke nema, kuma ba ma jin kunyar faɗi. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 nan take, ta kuma wuce 1,000 a 2024. Hauhawar farashi ta zarce kashi 34 cikin 100 a ƙarshen wannan shekara. Mutumin da ya wuni yana lissafin kwanon shinkafa da kuɗin makaranta, in ya samu sa'a guda da daddare ya shiga wata duniya, wa ya zalunta? Tolkien ya taɓa bambanta fursunan da ke tunanin duniyar da ke bayan katanga da sojan da ya gudu daga fagen fama. Masu zarginmu sun haɗa su wuri ɗaya. Mai gadin kurkuku ne kaɗai ke jin haushi in ɗaurarre ya tuna akwai waje.

Amma ba hutu kaɗai ba ne. Mu da sana'armu rubuta manhaja ce, rabin aikinmu tambaya ɗaya ce: in kaza ya faru fa? In intanet ya yanke ana tsakiyar tura kuɗi fa? In mutum dubu ɗari suka danna a lokaci guda fa? Manhajar da ba a yi mata waɗannan tambayoyi ba, ranar da aka fi bukatarta take durƙushewa, kamar yadda kowa ya gani a farkon 2023 lokacin ƙarancin takardun naira, da jama'a suka koma tura kuɗi ta waya tsarin ya kasa ɗauka. Ƙagaggen labarin kimiyya wannan tambayar yake yi wa al'umma baki ɗaya. Octavia Butler ta buga Parable of the Sower a 1993, ta sa labarin ya fara a 2024: unguwa ta kewaye kanta da katanga, ruwan sha ya yi tsada, 'yan sanda sai an biya suke zuwa. Amurka take nufi, amma mai karatu a Gusau ba ya bukatar sharhi. Dune na Frank Herbert, na 1965, labarin hamada ce mai arzikin da manyan dauloli ke kokawa a kai, mazaunanta kuwa na lissafin ɗigon ruwa. A tambayi mutanen Arlit, inda ake haƙar yuraniyom tun 1971, alhali Nijar ta daɗe tana sayen wutar lantarki daga Najeriya. Da aka toshe layukan waya a Zamfara a Satumbar 2021, da aka rufe Twitter wata bakwai daga Yunin wannan shekara, wanda ya karanta 1984 ya riga ya san tambayar da zai yi: wa ke riƙe da makunnin, kuma wa zai tuhume shi?

Yanzu ga namu laifin. Mu dubi abin da muka fi saye, muka fi turawa a WhatsApp, muka fi saurare a YouTube. Jarumi ɗaya ne, boka ya yi busharar zuwansa tun yana ciki, ya samu takobin tsafi, ya kashe dakaru dubu shi kaɗai, ya kawar da azzalumin sarki ya hau karagar. Talakawan birnin fa? Aikinsu kuka a farko, guɗa a ƙarshe. Ba wanda ya tambayi yadda za a raba ruwan rijiya gobe, ko wa zai taka wa sabon sarkin burki in shi ma ya karkace. Mun karanta wannan labari sau ɗari da sunaye daban-daban, har ya bi jininmu, muka fita da shi rumfar zaɓe. A 2015 mun ɗora fatan ƙasa guda a wuyan mutum ɗaya. A zanga-zangar Agustan 2024 wasu matasanmu sun ɗaga tutar Rasha a Kano da Kaduna, suna kiran wani mai ceton daga nesa. Ba mu ce littattafan yaƙi ne suka jawo haka ba. Muna cewa ne ɗanɗanon karatunmu da ɗanɗanon siyasarmu nono ɗaya suka sha, kuma adabin da ya kamata ya yaye mu ƙara shayar da mu yake.

Abin takaicin, nau'in da muke ƙauna yana da maganin wannan ciwo. Herbert da kansa ya bi Dune da Dune Messiah a 1969, inda mai ceton ya zama musiba ga duniyoyi. Ursula Le Guin a The Dispossessed, na 1974, ta ƙago al'ummar da ba ta da sarki, ta jefa ta cikin fari da yunwa, ta kuma nuna aibobinta ba ɓoye-ɓoye. Nnedi Okorafor, wadda aka haifa a Amurka, ta kafa The Shadow Speaker a Nijar ta shekarar 2070. Mu da muke sha daga rijiyoyin wannan ƙasa, mutum nawa a cikinmu ya zauna ya ƙago Kano ko Damagaram ta 2070 da Hausa? Wa zai mallaki ruwan Tiga a lokacin? Me almajiri zai zama in na'ura ta ƙwace ƙananan sana'o'i? Yaya makiyayi da manomi za su kasance in Tafkin Chadi ya dawo, ko ya ƙafe gaba ɗaya?

Saboda haka ga abin da muke nema. Masu sharhi su daina auna littafi da yawan kamarsa da labaran rediyo. Editoci su daina mayar da rubutu don kawai akwai aljani ko mutum-mutumi a ciki. Marubuta su bar mana aljanunmu da takubbanmu, ba mu gaji da su ba, amma su ba talakan birnin baki da dabara, su nuna mana abin da ya faru washegarin naɗin sarauta. Mu masu karatu kuma mu daina biyan kuɗin labari ɗaya sau ɗari. Al'ummar da ba ta iya ƙago gobenta a takarda ba, goben da wasu suka ƙago mata za ta zauna a ciki, kuma ba za su tambaye ta ko ya yi mata daidai ba.